Hutun Haraji, Rangwamen Albashi, Tallafin Kuɗi ko Hanya da Wuta: Wanne Ke Kai Aikin Yi Yankunan da Aka Bari a Baya?

Duk gwamnatin da ke da yankin da masana'antu suka ƙaurace masa, ko wanda tun fil azal ba su taɓa leƙawa ba, takan wayi gari da tambaya guda a gabanta: da me za a jawo mai jari ya kafa sana'a a wurin da lissafinsa bai nuna masa ba? Kuɗin da ke hannu ba su da yawa, masu nema kuwa ba su ƙirguwa, kuma kowannensu zai rantse cewa idan ba a taimaka masa ba zai yi gaba. Hanyoyin da gwamnatoci suka saba bi huɗu ne. Akwai yafe wa kamfani harajin riba ko na gini na wasu shekaru, akwai rage masa nauyin albashin waɗanda ya ɗauka aiki, akwai ba shi tsabar kuɗi bisa yarjejeniya, sannan akwai barin kamfanin a gefe a zuba kuɗin a hanya, wuta, ruwa da horar da mutane. An gwada kowace a ƙasashe da dama, wata har sama da shekara 90 da suka wuce, saboda haka mai zaɓi a yau ba lalube yake yi a cikin duhu ba.

Abin da na fahimta daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne, gwamnati takan sami ainihin abin da ta ɗaura rangwamen a kansa, komai daɗin jawabin da aka yi ranar ƙaddamarwa. Idan ta ɗaura shi a kan gini, gine-gine ne za su tashi. Idan a kan riba ne, riba za ta bayyana a takardun ofishin da ke cikin yankin, ko da an samo ta a wani wuri. Sai idan ta ɗaura shi a kan albashin mazaunin wurin ne take da tabbacin cewa aikin yi ta saya.

Kafin a shiga kwatanci, akwai tambayoyi biyu da ya kamata a riƙa yi wa kowace hanya. Ta farko ita ce: da ba a ba kamfanin komai ba, da ya zo ko da bai zo ba? Timothy Bartik, masanin tattalin arziki a cibiyar Upjohn da ke jihar Michigan, ya tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan wannan a Amurka, ya kuma fitar a 2018 cewa rangwamen da aka saba bayarwa shi ne ke juya ra'ayin kamfani a tsakanin kashi 2 zuwa 25 cikin 100 na lokutan da aka bayar. Ke nan aƙalla kamfani uku cikin huɗu da suka karɓa, da ma sun riga sun yanke shawarar zuwa. Wannan yana sauya lissafi gaba ɗaya, domin idan an biya dubu 10 a kan kowane gurbin aiki, alhali gurbi ɗaya ne cikin huɗu tallafin ya haifar, to ainihin kuɗin gurbin dubu 40 ne. Tambaya ta biyu ita ce daga ina aikin ya fito kuma wa ya same shi. Shagon da ya tashi daga titin baya ya koma cikin yankin rangwame bai ƙara wa kowa komai ba, haka nan masana'antar da ke kwaso ma'aikatanta daga nesa kowace safiya tana wuce matasan unguwar a zaune.

Hutun haraji shi ne wanda gwamnatoci suka fi so, dalilin kuwa a fili yake: ba ya buƙatar a ciro ko sisi daga baitulmali a yau, kuma harajin da ba a karɓa ba ba ya fitowa ɓaro-ɓaro a kasafin kuɗi kamar yadda kuɗin da aka kashe ke fitowa. A kasafin kuɗin 1980, ministan kuɗin Birtaniya Geoffrey Howe ya sanar da keɓe wasu wuraren da masana'antu suka mutu, aka fara da guda 11 daga 1981. Duk wanda ya shiga an yafe masa harajin gini na ƙaramar hukuma tsawon shekara 10, an ba shi damar cire duk abin da ya kashe wajen gini daga ribar da za a yanka wa haraji, an kuma sassauta masa neman izinin gini. Gine-gine sun tashi ƙwarai. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Isle of Dogs a Landan ita ce ta zama Canary Wharf, a Dudley kuma katafariyar kasuwar Merry Hill ta tsaya a kusa da inda masana'antar ƙarfe ta Round Oak ta rufe. Sai dai manyan shagunan da suka cika Merry Hill, da yawansu daga tsakiyar garin Dudley suka taso, suka bar can a bushe. Binciken da aka yi daga baya ya kuma nuna cewa wani babban kaso na harajin da aka yafe ya zarce aljihun masu filaye, domin da suka ga mai haya ya huta da haraji sai suka ƙara masa kuɗin haya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da Birtaniya ta sake dawo da tsarin a 2011, gwamnati ta yi hasashen guraben aiki 54,000 zuwa 2015, abin da aka samu kuwa ko rabin haka bai kai ba.

Amurka ta je ma gaba da haka a dokar harajinta ta 2017, inda aka ware unguwanni sama da 8,700 aka ce duk wanda ya sayar da kadara ya ci riba, idan ya zuba ribar a ɗayansu za a jinkirta masa haraji, idan kuma ya bar jarin shekara 10 to ƙarin darajar da ya samu ba haraji a kansa. Ba a gindaya sharaɗin ɗaukar ko mutum ɗaya aiki ba. Mafi yawan kuɗin da suka shiga sun tafi harkar gidaje da gine-gine, kuma sun taru a 'yan unguwanni kaɗan waɗanda da ma darajarsu ta fara tashi. Ba laifin masu jari ba ne, domin lada a kan tashin darajar kadara aka sa, su kuma suka nufi inda daraja za ta tashi.

Akwai wata matsala da ke cikin ƙashin bayan hutun harajin riba, wadda ba a cika faɗa ba. Sabuwar masana'anta takan yi shekara biyu, uku ko fiye kafin ta fara cin riba, kuma wanda bai ci riba ba babu harajin da za a yafe masa. Saboda haka hutun shekara biyar ya fi amfanar wanda zai ci riba tun ranar farko, wato wanda bai buƙaci taimako ba, ko kuma wanda ke da niyyar kwashe kayansa da zarar wa'adi ya cika. Kamfanin da ke da rassa a wurare da yawa kuma yana iya tsara cinikin da ke tsakanin rassansa ta yadda ribar za ta sauka a reshen da ba ya biyan haraji. Ga kuma sabon al'amari: tun bayan yarjejeniyar 2021 kan mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin 100, wadda ƙasashe da dama suka fara aiki da ita a 2024, kamfanin ƙasa da ƙasa da cinikinsa ya kai yuro miliyan 750 a shekara, idan wata ƙasa ta yafe masa haraji, wata ƙasar tana iya karɓar cikon. A irin wannan hali talakan yankin ya yi asarar harajin, kamfanin bai huta ba, baitulmalin wata ƙasa ce ta ci.

Duk da haka, zalunci ne a ce hutun haraji bai taɓa aiki ba. A 2003 Indiya ta yafe wa sababbin masana'antu a jihohin Himachal Pradesh da Uttarakhand harajin kayan da aka ƙera na shekara 10, da harajin riba gaba ɗaya na shekara biyar, kuma masana'antu da guraben aiki sun ƙaru matuƙa. Garin Baddi ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin harhaɗa magunguna na ƙasar. Abu biyu ne suka bambanta wannan da na Birtaniya. Harajin kayan da aka ƙera sai an ƙera kaya ake yafe shi, don haka ba a cin moriyarsa da ofishi kawai, sannan yankin babba ne, ya shafi jihohi biyu, ba 'yar unguwa ba ce. Amma ko a nan a lura da inda masana'antun suka sauka: Baddi, Haridwar da Pantnagar duk a gindin duwatsu suke, a bakin iyakar da ta fi kusa da manyan hanyoyi da kasuwanni. Ƙauyukan can saman tsaunuka, waɗanda su ne hujjar shirin, kaɗan suka gani.

Hanya ta biyu, wato rage nauyin albashi, ita ce wadda na fi ganin hujjarta, idan an tsara ta da kyau, kuma wannan sharaɗin ba ƙarami ba ne. A 1994 gwamnatin tarayyar Amurka ta zaɓi yankuna matalauta a birane shida, Atlanta, Baltimore, Chicago, Detroit, New York da Philadelphia haɗe da Camden. Mai kamfani a cikin yankin ya riƙa samun ragin haraji na kashi 20 cikin 100 na dala 15,000 na farko na albashin ma'aikaci, wato har dala 3,000 a shekara, amma sai idan ma'aikacin a cikin yankin yake zaune kuma a ciki yake aiki. Nazarin da Matias Busso, Jesse Gregory da Patrick Kline suka wallafa a 2013 ya gano cewa aikin yi ya ƙaru sosai, albashin mazauna ya tashi, kuma kuɗin haya bai yi tashin da zai cinye ribar ba. Gaskiya ne cewa kowane yanki ya kuma sami dala miliyan 100 na ayyukan raya al'umma, don haka ba za a iya jingina nasarar kacokan ga ragin albashi ba, amma ko wannan darasi ne a kan kansa.

A gefe guda kuma ga jihar Kalifoniya, wadda ita ma ragin harajin ɗaukar ma'aikata ta bayar a yankuna 42, yana cin ɗaruruwan miliyoyin dala a shekara. David Neumark da Jed Kolko sun duba a 2010 ba su ga wani ƙarin aikin yi ba, kuma a 2013 jihar ta soke shirin. Ɗaya daga cikin manyan ɓarakarsa ita ce an yarda kamfani ya nemi ragin a kan mutanen da ya ɗauka shekaru da suka wuce, har aka sami masu sana'ar bin kamfanoni suna tono tsofaffin takardun ma'aikata domin a raba abin da aka samo. Kuɗin da aka karɓa bayan an riga an ɗauki mutum, ba tare da an san da su lokacin ɗaukar ba, ba yadda za a yi su zama dalilin ɗaukarsa. Kamanni ɗaya da shirin tarayya, sakamako kuwa hannun riga.

Faransa ta haɗa hanyoyin biyu. Daga 1997 ta keɓe unguwanni 44 na bayan gari, ta ƙara 41 a 2004 da 15 a 2006, inda kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce 50 ba yake hutawa da harajin riba, da harajin ƙaramar hukuma, da kason da mai aiki ke biya na inshorar ma'aikata, tsawon shekara biyar kafin ragin ya fara raguwa. Sharaɗin shi ne wani kaso na sababbin ma'aikata ya fito daga unguwannin, an fara da ɗaya cikin biyar, aka ɗaga zuwa ɗaya cikin uku, daga bisani aka kai rabi. Yadda aka yi ta ɗaga wannan sharaɗi ya isa ya nuna abin da hukuma ta gani. Kamfanoni sun shigo, amma da yawa daga maƙwabta suka taso, kuma akwai ƙananan ofisoshi irin na likitoci da masu ba da shawara waɗanda ba su da guraben da za su ba kowa. Shi ya sa a 2018 ƙasar ta gwada wata dabara ta daban: ta bar batun inda kamfani yake, ta ce duk wanda ya ɗauki mai neman aiki daga waɗannan unguwanni a aikin dindindin zai karɓi yuro 5,000 a shekara har shekara uku, ko a ina kamfanin yake. Wannan ya dace da unguwar da ke cikin birni mai aikin yi, inda abin da ya hana matashi aiki shi ne adireshinsa. Ba shi da amfani a lardin da babu kamfani ko ɗaya cikin tafiyar sa'a biyu.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ko ragin zai hau kan dukkan ma'aikata ko sababbi kaɗai. Norway tun 1975 take bambanta kason inshorar da mai aiki ke biya gwargwadon yanki, daga kashi 14.1 cikin 100 a yankunan da ke da cunkoso zuwa sifiri a Finnmark da arewacin Troms. Tsari ne mai sauƙi, ba cike takarda, ba neman alfarma, amma yana biyan kuɗi a kan dubban guraben da da ma suna nan. Da Suwidin da Finland suka gwada irinsa a arewacinsu a farkon shekarun 2000, nazarin da aka yi bai ga wani ƙarin aiki na a zo a gani a kamfanonin da ke wurin ba, wani ɓangare na ragin ma ƙarin albashi ya koma. Ƙasa mai wadata da ke son kada arewarta ta zama kufai tana iya ɗaukar wannan nauyi, mai ƙaramin aljihu kuwa gara ya tsaya kan guraben da suka ƙaru a kan adadin da kamfani yake da shi kafin shirin. Sai kuma abin da ya faru a Turkiyya, wadda a 2004 ta ɗauke wa masu kamfanoni a larduna matalauta wani ɓangare na kuɗin inshora da na wuta: adadin ma'aikata masu rajista ya ƙaru, amma bincike ya nuna cewa da yawansu da ma suna aiki, rajista ce kawai aka yi musu. Wannan ma riba ce, tunda ma'aikaci ya sami fansho da kariya, sai dai duk inda yawancin sana'o'i ba su da rajista, ya kamata a san cewa ragin da ke bi ta takardar albashi ba zai taɓa isa ga mafi yawan masu ɗaukar mutane aiki ba.

Tallafin tsabar kuɗi bisa yarjejeniya shi ne ya fi ba gwamnati damar zaɓe, shi ne kuma ya fi jefa ta cikin jaraba. A 1972 Birtaniya ta kafa tsarin da kamfani a yankin da aka amince yana buƙatar taimako zai kawo shirinsa, ya nuna guraben da zai samar ko zai ceto, ya kuma gamsar da jami'ai cewa idan ba tallafin aikin ba zai yiwu ba. Nazarin da Chiara Criscuolo da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya gano cewa tsarin ya ƙara aikin yi a masana'antu ya rage zaman kashe wando a yankunan, amma tasirin a ƙananan kamfanoni kaɗai ya bayyana. Manyan sun karɓi kuɗin sun ci gaba da abin da da ma za su yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙaramin kamfani banki ne ke hana shi bashi, tallafin yana buɗe masa ƙofar da ke rufe, babban kamfani kuwa yana da kuɗi, yana kuma da lauyoyi da akantocin da suka iya rubuta takardar da ke nuna yana cikin matsi.

Abin takaici shi ne manyan su ne ke ɗaukar hankalin 'yan siyasa, domin su ne ake yanka kintinkiri a ƙofarsu. A 2017 jihar Wisconsin ta Amurka ta amince ta ba Foxconn, kamfanin ƙera kayan lantarki na Taiwan, kusan dala biliyan 3 a kan alkawarin jarin dala biliyan 10 da guraben aiki 13,000. A 2021 aka sake rubuta yarjejeniyar, ta koma dala miliyan 80 a kan guraben 1,454. Wannan labari yana da fuska biyu, kuma duka biyun suna da amfani ga mai zaɓi. Kuɗin jihar an ɗaure su da sharaɗin sai an ga ma'aikata da jari a ƙasa kafin a biya, shi ya sa biliyoyin ba su fita ba. Ƙananan hukumomin wurin kuwa sun riga sun ci bashin ɗaruruwan miliyoyi sun sayi filaye, sun ja ruwa, an tashi mutane daga gidajensu, duk kafin a ga komai. Wancan ya jira gani, wannan ya yi cinikin biri a sama. Ana iya rubuta sharaɗin maido da kuɗi idan kamfani ya saɓa alkawari, kuma ya kamata a rubuta, amma ƙwato kuɗi daga kamfanin da ya rufe ƙofa ya fi riƙe su tun farko wahala nesa ba kusa ba.

Tallafin kuɗi yana kuma buƙatar jami'an da suka iya karanta lissafin kamfani kuma ba a iya saye su, abin da ba kowace gwamnati ke da shi ba. Italiya ta nemi maganin wannan a dokarta mai lamba 488 ta 1992, inda ake jera masu nema bisa maki da aka sanar tun farko, ciki har da yawan guraben aiki a kan kowane kuɗin jari da ƙanƙantar tallafin da aka nema, a bi jerin daga sama har kuɗin su ƙare. Inda kuma maƙwabtan gwamnatoci ke gasa da juna, tallafin yakan zama tufka da warwara. Jihohin Kansas da Missouri na Amurka sun shafe shekaru suna biyan kamfanoni su tsallaka layin da ya raba birnin Kansas City gida biyu, ma'aikatan su ne dai ba su canza ba, sai a 2019 suka yi sulhu suka daina.

Hanya ta huɗu ba ta ba kowane kamfani komai a hannu, kuma ita ce ta fi daɗewa tana amfani idan ta yi. Hukumar raya kwarin Tennessee da Amurka ta kafa a 1933 ta gina madatsun ruwa, ta kai wuta, ta gyara hanyoyin ruwa a yankin da ya ratsa jihohi bakwai. Patrick Kline da Enrico Moretti sun nuna a 2014 cewa ƙarin aikin da aka samu a noma ya zube bayan an janye kuɗin tarayya, amma na masana'antu ya ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama bayan haka. Italiya ma tana da nata darasin a asusun raya kudancin ƙasar na 1950 zuwa 1984: shekarun farko da aka yi hanyoyi da ruwan sha da gyaran ƙasar noma su ne ake yabawa, lokacin da aka koma dasa manyan masana'antun ƙarfe da sinadarai a wuraren da babu ƙananan sana'o'in da za su raɓe su kuwa, shi ne Italiyawa da kansu suka yi wa laƙabi da majami'u a cikin hamada. A unguwannin Faransa da aka ambata, bincike ya nuna cewa waɗanda ke da hanyar mota da ta jirgi su ne suka fi cin moriyar rangwamen, waɗanda manyan tituna da layin dogo suka killace kuwa kaɗan suka samu. Bartik ma ya daɗe yana nuna cewa horar da ma'aikata daidai da buƙatar kamfani, da ba ƙananan masana'antu shawarar ƙwararru, da tanadar fili mai wuta da ruwa, suna samar da gurbin aiki da kuɗi ƙasa da na ragin haraji. Aibin wannan hanya shi ne jinkiri da buƙatar kuɗi tun farko, ga kuma haɗarin a gina rukunin masana'antu a inda babu mai so, ya tsaya ciyawa na cinye shi.

To wanne za a ɗauka? A ganina amsar tana bin abin da ya hana kamfanoni zuwa tun farko, kuma hanya mafi sauƙi ta saninsa ita ce a tambayi waɗanda suka duba yankin suka fasa. Idan wuta da hanya ne babu, to duk wani ragin haraji ɓarnar kuɗi ne, domin ba ragin da zai kai tsadar sarrafa kaya da janareto ko jigila a hanyar da ke karya motoci, kuma a nan hanya ta huɗu ce farko, sauran su biyo baya. Idan yankin yana da kayan aiki amma mutanensa sun daɗe ba aiki, masu kamfani kuma suna ɗari-ɗari da su, ragin albashi ne ya dace, muddin an taƙaita shi ga mazauna, ga sababbin guraben da suka ɗore aƙalla shekara, kuma an nema kafin a ɗauki mutum. Idan akwai ƙananan masana'antu a wurin waɗanda rashin jari ya hana su faɗaɗa, tallafin kuɗi mai iyaka, wanda ake biya kashi-kashi bayan an ƙirga ma'aikata, ya fi kowanne araha. Hutun harajin riba shi nake sa wa a ƙarshen layi, sai fa idan yankin babba ne kuma an ɗaura shi a kan abin da aka ƙera a wurin.

Shi ma mai kamfanin da aka yi wa tayi yana da nasa lissafin. Ya fara duba ko sana'ar za ta tsaya da ƙafarta ranar da rangwamen ya ƙare, domin ginin da ya yi ba zai tashi ya bi shi ba. Ya tambayi yaushe kuɗin za su shigo hannu, kuma idan ragin haraji ne, ko ana biyansa tsaba ga wanda bai ci riba ba ko sai dai a ajiye masa zuwa gaba, tunda ga sabon kamfani wannan bambancin shi ne tsakanin taimako da alkawari. Ya kuma karanta sharaɗin maido da kuɗi da idon basira, kada ya yi alkawarin ma'aikata 200 don ya burge jami'ai alhali kasuwarsa ta 80 ce.

Saura batun iyaka da wa'adi, waɗanda sau da yawa a kansu ne shiri mai kyau ke lalacewa. Idan aka bar zana taswirar a hannun masu neman ƙuri'a, yankin zai yi ta faɗi har ya haɗiye wuraren da ba su da buƙata. A shirin Amurka na 2017 gwamnoni ne suka zaɓi unguwannin, kuma cikin waɗanda suka shiga har da Long Island City a New York, inda dogayen benaye masu tsada suka riga suka fara tashi. Wa'adi kuwa rubuta shi ya fi cika shi sauƙi, domin da zarar kamfanoni da ma'aikata sun dogara da rangwame, duk mai son janye shi zai fuskanci gari guda. Brazil ta kafa yankin ciniki marar haraji na Manaus a tsakiyar dajin Amazon a 1967, da niyyar ya yi shekara 30. Ya jawo masana'antun babura da talabijin da kayan lantarki, ya mai da Manaus babban birni, amma kayan haɗin da yawansu daga nesa ake kawo su, abin da aka haɗa kuma a sake jigilarsa dubban kilomita zuwa kasuwannin kudu. An yi ta ƙara wa'adin, kuma a 2014 majalisar ƙasar ta gyara kundin tsarin mulki ta kai shi 2073.